Turkudin da Aka Ajiye wa Agali

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka kama hanyar Kura, mu uku a cikin fijo: ni, da Hajiyar da nake yi wa ɗinki, da direbanta. Ni tela ne a Fagge. Abokan sana'a da suka ga shagona a rufe ranar sun ishe ni da tambaya, wasu har da cewa wai aure na je nema ƙauye, shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗaya kowa ya huta.

A gidan Hajiya da ke Nasarawa muka haɗu. Mai gadinta ne ya buɗe mana ƙofa, wani dogon Buzu marar yawan magana, fuskarsa a rufe sai ido. Idon tela ba ya barin tufa ta wuce, don haka na lura da abin da ya naɗa a kansa. Ragowar farin tetoron ne, irin wanda muke sa wa aljihu, ya sha wanki har ya yi shara-shara. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Buzu, a kula da gida." Ya ɗaga hannu, muka wuce.

Ga abin da ya fitar da mu cikin sanyin nan. Tun da gwamnati ta tsananta kan shigo da kaya daga waje, leshi da shadda suka yi tashin gwauron zabi, sai manyan matan birni suka shiga sabon yayi na komawa kayan gida. Waɗanda bara ba sa kallon saƙi sai in za su shimfiɗa a kan kujera, bana su ne ke rububinsa. Masu zane suna rataye hotunansu a zauren otal, mutane na zagayawa da kofin lemo a hannu suna gyaɗa kai kamar sun gane. Waɗanda da ba sa cin abincin dare sai a gidan abincin 'yan Sin ko na Larabawa Kwarori, yanzu tuwon shinkafa da miyar taushe suke sa a kawo musu a farantin tangaram, su yi ta fama da shi da cokali mai yatsu. Ni dai ba na kushewa, don a cikin yayin nan nake samun na cefane.

Hajiya tana da kantin tufafin mata, kuma ta shirya liyafa ranar Asabar a wani babban otal. Za a ci abinci, 'yan mata su fito ɗaya bayan ɗaya sanye da ɗinkunan kantinta, ga baƙi daga Legas da Kaduna. Ta riga ta faɗa wa kowa cewa rigar ƙarshe za ta zo da abin da ba a taɓa gani a jikin mace a Kano ba: wuya da bakin hannu da gwaggwaro duk na turkudi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa. Rigar na gama ta, tana rataye a shagona, wuya kawai take jira. Turkudin ne ya gagara. Mun zaga kasuwar Kurmi mun zaga ta Kwari, abin da aka nuna mana yadin kanti ne aka shafa wa shuni. Sai na tuna marigayi maigidana, wanda ya koya mini ɗinki, yana da wani marini a Kura mai suna Malam Sale, kuma ya sha gaya mini cewa babu hannu irin nasa. Tun kafin mu tashi har na kai almakashina an wasa.

Mun bi titin Zariya gari bai gama wayewa ba. A Na'ibawa masu shayi sun hura wuta, leburori sun kewaye su kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Muna ƙetare gadar Tamburawa rana ta fito, daga nan kuma ƙasa ta sake kama. Wanda bai bi hanyar nan da rani ba zai yi wuya ya yarda. Hagu da dama kore ne shar, alkama tana kaɗawa, ga albasa, ga tumatir har inda ido ya tsaya. Ruwan Tiga ne ke gudu cikin magudanar siminti da mutanen wurin ke kira kanal. Manoma sun nannaɗe wando zuwa gwiwa, suna lanƙwasa tiyo daga kanal zuwa gona, ruwa na bin kunya-kunya shi kaɗai ba mai ɗaukar guga. Can gefe Fulani sun kawo shanu shan ruwa, wani manomi yana tsaye da sanda yana lura kada su karkata cikin albasarsa.

A bakin titi manyan motoci ne jere, ana loda kwandunan tumatir zuwa Legas. Direba ya tsaya ya taya kwando ɗaya don gidansa. Da aka faɗi kuɗin, Hajiya ta sa aka maimaita, don kwandon nan da mutum biyu ke ɗauka bai kai abin da otal ɗin liyafarta ke karɓa a kan farantin salak guda ba. Ta ce lallai ranar Asabar akwai magana tsakaninta da manajan otal. Muka ce a ajiye mana sai mun dawo.

Maigidana ya taɓa gaya mini cewa a zamaninsu baƙo ba ya tambayar hanya a Kura. Tun daga bakin gari za ka ji ƙarar bugu, wato masu buga rinannen yadi da guduma a kan gungumen itace don ya yi ƙyalli, sai ka bi sautin ya kai ka. Na sa direba ya sauke gilashi na kasa kunne. Abin da na ji injin casar shinkafa ne. Sai da muka tambayi wani mai sayar da rake ya nuna mana lungun marina.

Marinar fili ne babba, ramukan rini a jere, bakin kowane an ɗaure shi sumul. Yawancinsu sun bushe. Wasu an cika su da shara, wani kuma kaza ta yi ƙwai a ciki. 'Yan kaɗan ne ke da rai, an kife musu murfin kaba, warin baba da toka na tashi, warin da na rabu da ji tun ina yaro. Dattawa biyu muka tarar, ɗaya yana motsa rami da doguwar muciya, ɗayan yana tsoma zane yana ɗagawa. Muka gaisa, na tambayi Malam Sale. Mai muciya ya ce ai ya bar rini, kafaɗa ta hana shi, 'ya'yansa kuma duk sun koma noman rani. Ya ce kada in ga laifinsu, mai rini sai ya jira mai saye ya taso tun daga Agadas, mai tumatir kuwa mota na tsaye a bakin titi tana jiransa. Ya kwatanta mana gonar babban ɗansa ta wajen Bunkure, ya ce can za mu same shi yana gadin kauɗa.

Hanyar gonar a kan gaɓar kanal take, jar ƙasa ce mai kwazazzabai, fijo tana tafiya tana nishi. Da muka kai inda mota ba ta wucewa sai muka sauka. Hajiya ta dubi takalminta mai tsini, ta dubi taɓon da ke gabanta, ta tuɓe shi ta riƙe a hannu ta taka. Na girmama ta a kan wannan.

Mun sami Malam Sale a ƙarƙashin rumfar kara. Gabansa fili ne guda an shanya yankakken tumatir, ja wur, wanda kasuwa ta ƙi ɗauka ake busarwa, aikinsa shi ne korar awaki. Tsoho ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka. Da ya miƙo hannu muka gaisa na ga gefen faratansa har yanzu baƙi ne, shuni ya zauna ya ƙi fita. Na faɗi sunan maigidana, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ashe bai ji rasuwarsa ba. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi, muka shafa fatiha, ni ma sai na ji mutuwar ta dawo mini sabuwa.

Ba a bar mu mun faɗi abin da ya kawo mu ba sai da aka ci abinci. Babban ɗansa, wani ƙaƙƙarfan magidanci da taɓo har gwiwa, ya kawo ɗanwake a kwanon sha da man gyaɗa da yaji, aka yanka tumatir da albasa da aka tsinko a nan take aka zuba a kai. Wata Bafulatana ta biyo da ƙwarya, aka dama mana fura da nono mai kauri. Hajiya ta ci da hannu, ta siɗe yatsa, ta ce ɗanwaken nan sai ya shiga jerin abincin ranar Asabar ko mai dafa abincin otal ya so ko ya ƙi. Direba ya ce in dai da cokali mai yatsu za a ci, a shirya tsintar ɗanwake a ƙarƙashin tebur.

Da aka wanke hannu Hajiya ta yi bayani, ta faɗi liyafar, ta faɗi rigar da ke jira. Malam Sale ya saurara har ta gama, sannan ya ce ya daina, masu yi yanzu kuma ba zai iya tura ta wurinsu ba. Sai ɗansa ya ce, "Baba, ai akwai guda ɗaya a gida."

Tsohon ya juya ya dube shi. "Wannan da mai shi."

"Baba, kaka nawa ke nan ana jira? Asu ne zai gaje shi."

Can sai Malam Sale ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce wa Hajiya tun da ta taka taɓo saboda shi, ba zai hana ta gani ba. Muka ɗauke shi a mota muka koma Kura.

Gidansa tsohon gini ne mai babban zaure. A ƙofar gidan akwai turaku kafe a ƙasa, sun yi santsi don tsufa, ya ce na raƙuman baƙi ne. Ɗakin da baƙin ke sauka yana nan kusa da zaure, yanzu buhunan taki ne a ciki. Aka shimfiɗa mana tabarma. Ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya fito da ƙunshi a takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare. Ya zauna ya kwance a hankali.

Na shekara ashirin da wani abu ina taɓa yadi, na ɗinka shaddar da ake ɓoye kuɗinta, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Siraran ƙyallaye ne na saƙar hannu, kowane bai fi faɗin yatsa ba, an haɗa su da ɗinkin da sai ka kai ido kusa za ka gani. Ka ce baƙi ne, in ya motsa sai ya koma shuɗi, ya koma ja-ja, kamar wuyan tantabara a rana. Zauren ya cika da ƙanshin shuni. Hajiya ta shafa shi da yatsa biyu, ta ɗaga ta ga sun yi shuɗi, ta ce, "Baba, ai zuba yake yi. Zai ɓata wa yarinyar wuya." Ya yi murmushi ya ce wannan zubar ita Buzaye ke saye. Ba a wanke shi, ruwa na taɓa shi ƙyallin ya tafi. Shunin da ke kama fatar mutum shi ne adon, a wurinsu wanda goshinsa ya yi shuɗi an san ɗan gidan mutunci ne. Ni kuwa yana magana ina aunawa da ido, har na riga na raba shi gida uku a zuciyata: nan wuya, nan hannu, sauran gwaggwaro.

Sai ya ba mu labarin mai shi. Sunansa Agali, Buzu ne daga wajen Agadas. Mahaifin Agali a gidan mahaifin Malam Sale yake sauka, su ma suka gaji abin. Kowace shekara bayan kaka Agali zai iso da gishiri da dabino, ya ɗaure raƙumansa a turakun nan, ya yi wata guda, ya koma da hatsi da turkudi. Zuwansa na ƙarshe ya ce ɗansa na fari ya isa naɗi. A al'adarsu yaro yana yawo da kai a buɗe har ranar da ubansa zai tara mutane, malami ya naɗa masa rawani ya rufe masa baki. Daga ranar ya zama namiji, kuma ba ya sake buɗe fuska a gaban mutane, ko abinci zai ci sai ya sa ta ƙarƙashi. A tuɓe wa Buzu rawani, in ji Malam Sale, gara a mare shi a kasuwa. Agali ya roƙe shi ya yi wa yaron da hannunsa, kada ya ba wani, baɗi za su zo tare.

Malam Sale ya yi. Ya tsoma ya shanya, ya sake tsomawa har ya daina ƙirga, ya buga shi da garin shuni da ɗan kitse shi kaɗai, a bugun nan ne ma kafaɗarsa ta tafi. Shekarar sai ruwa ya ƙi sauka a arewa. Aka ji dabbobi na mutuwa, ana cikin haka kuma aka rufe kan iyaka. Da aka buɗe, 'yan tsirarun da suka zo ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san inda Agali ya nufa. Ya ce kowace kaka yakan fito da ƙunshin ya duba, ya sa a share ƙofar gida wajen turakun, sannan ya mayar.

Hajiya ta ja mayafinta ta ce, "Baba, in haka ne mun haƙura. Allah ya kawo shi lafiya." Ta yunƙura za ta tashi. Na san abin da haƙurin nan zai ja mata ranar Asabar, don matan da ta gayyata ba sa manta alkawarin da aka yi musu a bainar jama'a.

"Zauna, 'yata," in ji shi. Ya daɗe yana kallon turkudin. "Agali ba zai zo ba. Zuciyata ta gaya mini tun bara, bakina ne ya ƙi faɗa." Sai ya juyo gare ni. "Malam tela, yanka shi za ka yi?"

Na ce e, Baba.

"Gida nawa?"

Na ce uku. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai ranar. Ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya fara naɗe takardar.

"Ku tafi da shi. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin almakashi ya taɓa shi, a samu Buzu ya naɗa shi ko sau ɗaya ne. Don a naɗa a ka aka yi shi, kada ya ƙare bai taɓa hawa kan mutum ba."

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba. Ina da Buzu a ƙofar gidana."

"Madalla. Wa sunansa?"

Hajiya ta dubi direba da ke bakin zaure, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, "Buzu muke ce masa." Malam Sale bai nuna komai a fuska ba. Ya ɗaure zaren ya miƙo mini ƙunshin da hannu biyu, ya ce, "To, a gaishe shi."

Maganar kuɗi a waje aka yi ta tsakanin Hajiya da ɗansa, tsohon bai fito ba. Muka yi azahar a masallacin unguwar, muka kama hanyar gida. Mun tsaya mun ɗauki kwandon direba, Hajiya ma ta sayi albasa da kauɗa, amma hirar safe ta mutu. Ƙunshin yana kan cinyata, yatsuna duk shuni. Gonakin da suka burge ni da safe na sake kallonsu, suna nan da kyansu, sai dai yanzu na san hannuwan da ke janyo ruwan nan daga marina aka ɗebo su. Ban ce laifi ne ba, mutum da iyali ba zai zauna jiran raƙumin da ba ya zuwa ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. A Na'ibawa muka tarar da cunkoson motocin itace, ba mu isa Nasarawa ba sai bayan la'asar.

Mai gadi ya buɗe ƙofa kamar kullum, ya koma gefe yana jira mota ta shige. Hajiya ta ce wa direba ya tsaya, ta sauka a nan bakin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Malam, don Allah wa sunanka?" Ya ɗan yi jim, kamar yana tunanin ko wani laifi ya yi, sannan ya ce Alhusaini. Ta yi masa bayani a taƙaice, cewa wani dattijo ne ya roƙa a naɗa wannan sau ɗaya kafin a yi aiki da shi. Na miƙa masa ƙunshin.

Bai kwance ba. Ya ɗaga shi zuwa hancinsa ta saman tetoron ɗin nan, ya shaƙa, ya ce, "Kura." Na tambaye shi ko ya san wani Agali mai zuwa Kura da gishiri. Ya ce masu sunan da yawa, kuma fari ya watsa su, wanda ka sani da garke yau yana riƙe da ƙofar wani a garin da ba ka sani ba. Ya ce nasa turkudin a hanya ya sayar ya sayi gero, shekarar da suka taho. Sai ya nemi izini ya shiga ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa ya ja labule, don ba zai buɗe kai a gabanmu ba.

Mun daɗe a tsaye. Direba ya kashe mota. Da labulen ya motsa, wanda ya fito ban gane shi ba da farko. Rigar jikinsa ita ce dai tsohuwar nan, takalminsa na roba, amma naɗin ya hau bisa ya zauna daram, ya sauko ya rufe baki da hanci, rana na dukansa yana walƙiya. Tafiyarsa ma ta sake. Masu gadin gidajen maƙwabta biyu, su ma Buzaye, suka hango suka taso. Suka tsaya gabansa suna gaishe shi da yarensu, doguwar gaisuwa, suna shafa tafin hannu suna sakewa suna sake shafawa. Ɗaya daga cikinsu, dattijo, ya kai hannu ya gyara masa gefen naɗin, sannan ya juya baya yana goge ido. Na lura shunin har ya fara kama ƙasan idon Alhusaini.

Shi ne ya fara tunawa da sharaɗin. Ya juyo ya ce, "Hajiya, na naɗa. Bari in shiga in cire." Ya kai hannu ga jelar rawanin.

A nan na gane abin da muka amsa a Kura ba tare da mun auna ba. Mu mutanen birni mun ɗauka rawani kamar hula ne, a gwada a mayar. Karɓarsa yanzu yana nufin mutumin nan ya koma bayan labule a gaban 'yan'uwansa, ya tuɓe, ya fito da yadin aljihu a ka, ya miƙo mini in kai shago in raba uku. Almakashina wasasshe yana jira, rigar tana jira, Asabar saura kwana kaɗan. Ni ba ni da bakin magana, kaya ba nawa ba ne. Na dubi Hajiya. Tana tsaye da busasshen taɓon Bunkure a ƙafarta, tana kallon yatsunta biyu masu shuɗi.

Ta ce, "Bar shi, Malam Alhusaini. Naka ne."

Ya tsaya da hannu a sama bai sauke ba. Ta maimaita, sannan ta juya ta shige gida da sauri ba ta jira godiya ba. Sai da ta kai bakin baranda ta waiwayo ta ce da ni, "Malam tela, ka nemo baƙin saƙi ka yi wa rigar nan wuya."

Na isa Fagge ana kiran magariba. Maiɗakina ta ga hannuna ta tambaya ko rini na koma, na ce a'a, gaisawa kawai na yi da masu yi.

Liyafa an yi ta ranar Asabar. An ci ɗanwake, kuma maganar direba ta tabbata. Rigar ƙarshe ta fito da wuyan saƙi, an tafa daidai gwargwado, amma na ji ƙus-ƙus a teburin bayana ana cewa ina ɗan Kuran da aka yi ta cika baki a kai. Wata ma ta tashi ta tambayi Hajiya a gaban baƙin Legas. Hajiya ta ce yana nan, duk mai son gani ta biyo ta ƙofar gidanta, kuma in ta zo ta gaida mai shi, sunansa Malam Alhusaini. Na san maganar za ta daɗe tana yawo a gidajen biki, kuma ba duka za ta yi mata daɗi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Mu da muke yayin kayan gida, kyan abu muke gani, ba ma tambayar don wa aka yi shi. Ni kaina na saba duk yadin da ya shigo hannuna wurin yankawa nake fara nema. Yanzu nakan ɗan dakata. Ko Malam Sale ya san inda roƙonsa zai kai mu, ko kuwa iyakar abin da ya faɗa yake nufi, wannan ban sani ba, kuma ba zan tambaye shi ba. Agali da ɗansa har yau ba labari, Allah ya sa suna raye, ya sa yaron ya sami wanda ya naɗa masa.

Na ba wani direban motar tumatir saƙo ya kai Kura, cewa ba a yanka ba, yana kan wani bawan Allah mai suna Alhusaini. Shekaranjiya direban ya biyo ta shagona da amsa. Ya ce tsohon bai yi maganar Hajiya ba, bai yi maganar liyafa ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko shunin ya kama fuskar Alhusaini.

Na ce ya koma ya gaya masa ya kama.